Kwandon Baba

Ku yi haƙuri da ni yau, jama'a, a gurguje nake wannan rubutu. Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni ce Hemlata, a gida Hemu, ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Kanpur ta Indiya, adabin Turanci nake karantawa. Ubana Mangeram ya yi ritaya daga aikin shara na hukumar birni. Ubansa mai shara ne, kakansa ma haka. Mu ne waɗanda ake tsiyayo wa ruwa daga sama mu tara hannu, don kada a taɓa mu. Wanda nake so kuwa, Utkarsh, ɗan Birahmin ne, masu asalin da ya fi na kowa daraja a nan, masu zaren tsarki a kafaɗa. Ya san ko ni wace ce tun ranar farko, ban ɓoye masa ba. Babansa ya rasu, uwarsa kuma ba ta tsallake maganar yayanta. Aurena da rashinsa duk a bakin mutum ɗaya suke, Kawu Trilok Awasthi.

E, shi fa. Marubucin nan da ya rubuta littafin Turanci wanda in an juya sunansa zai zama Yaron Kwando. Labarin Nanku, yaron da ke kwashe bahaya a gidajen manya da kwando a ka, har ranar da aka tura shi ramin kwata bai fito ba. Turawa sun yi kuka, an ba shi kyaututtuka a ƙasashen da ni ko a taswira sai na laluba. A ajinmu na farko aka koyar da mu shi. Ni kaɗai na tashi na fita ana cikin karanta babin ƙarshe, na tsaya a bayan aji ina sheshsheƙa. Wanda ya biyo ni da hankici, shi ne Utkarsh.

Shi ya sa da saƙonsa ya shigo ranar Juma'a, sai da na yi tsalle a kan gado.

“Kawu ya ce ki zo da Baba ran Lahadi. Shayin yamma.”

“Ya san asalinmu?”

“Hemu, mutumin da ya sa duniya ta yi muku kuka? Ki kwantar da hankalinki. Ki sa shuɗin sarin nan.”

Na saka shuɗin. Na goge shi har sau biyu, na ɗora ɗan ɗigon baƙi a goshi, na sa awarwaron gilas masu ruwan toka, kada a ce na cika ƙyalƙyali. Baba ya saka farar rigarsa ta zuwa biki da takalmin da na saya masa da kuɗin koyarwar da nake yi wa yara, wanda kullum yake cewa yana cizonsa. Innata Fulmati tana zaune bakin murhu tana juya gurasa, tana kallonmu ta wutsiyar ido.

“A sauka lafiya, 'yan London,” ta ce.

“Inna, don Allah yau kaɗai ki yi mini baki mai kyau.”

“Baki mai kyau na yi miki tun bara. Ga Satpal, direban motar shara, aikin gwamnati, ɗaki biyu da famfo a ciki, ba ya shan komai sai shayi. Kin ce warin mota yake. To wa ya fi ubanki wari, da ya yi miki karatun?”

“Ban ce wari yake ba!”

“Idonki ya faɗa. Ƙwarya ta bi ƙwarya, Hemu. Mai yi miki kuka a takarda daban, mai cin abinci a kwanonki daban.”

Baba ya yi dariya yana ɗaure igiyar takalmi. “Ke dai Fulmati, da a ce baki yana shara, da kin share Kanpur ke kaɗai kafin rana ta fito.”

“Kai kuma da a ce hankali kwando ne, da naka ya huje tun tuni.”

Haka suke kullum. Amma da muka hau a-daidaita-sahu na karanta wa direba kwatancen daga waya, tsohuwar unguwa, Layin Darbejiya, gida mai koren ƙyaure, sai dariyar Baba ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

“Layin me?”

“Darbejiya. Ka san wurin?”

Ya mayar da ido kan titi. “Kanpur ai babu inda ban sani ba,” ya ce. Ni kuma da zuciyata ke can gaba, ban bi ba'asi ba.

Gidan irin na da ne, mai tsakar gida da ginshiƙai, littattafai tun daga ƙasa har rufi, hotuna a bango yana gaisawa da manyan duniya. Utkarsh ya tare mu a ƙofa yana murmushi har kunne. Baba ya tsaya a bakin ƙofar gaba kamar wanda aka ce ya taka wuta, sai da na ja hannunsa.

Kawu Trilok yana kan kujera mai lilo, farin gashi har wuya, mayafin ulu mai laushi a kafaɗa. Utkarsh ya sunkuya ya taɓa ƙafafunsa, Kawu ya shafa masa kai. Na sunkuya zan taɓa ni ma, sai ya janye ƙafafun ƙarƙashin kujera.

“A'a, a'a, 'yata! A gidan nan mace ba ta durƙusa wa kowa.”

Na ji daɗi fa. Ku ji wauta. Na ce a raina, ka ji wayayye.

Ya yi ta yi mini tambayoyi da Turanci, wane babi na fi so, me malamanmu ke cewa a kansa. Baba yana zaune a gefen kujera, a kan ɗan bakinta, hannuwansa a cinya. Can matar Kawu, Goggo Mridula, ta shigo da tire. Kofunan yumɓu ne a kai, irin na tashar jirgin ƙasa, guda biyar, har da nata da na mijinta. A bayanta kuwa, cikin kabad ɗin gilas, ga kofunan tangaran masu bakin zinariya a jere.

“Shayi a yumɓu ya fi ƙamshi,” ta ce. “Mu mutanen gargajiya ne.”

Utkarsh ya duƙo kunnena. “Kin gani? Kowa kofi iri ɗaya.”

Muka sha. Kawu yana cikin ba da labarin yadda wata tsohuwa a Ingila ta rungume shi tana kuka, sai Baba ya shanye nasa ya miƙe. Bai ajiye kofin a tire ba. A wurinmu mutum ba ya barin kofin da ya sha a gidan manya, kai za ka fita da shi. Na san haka, amma ban taɓa ganin Baba ya yi ba. Jikinsa ne ya tuna, ba shi ba.

Abin da ya tsayar da hirar shi ne hanyar da ya bi. Bai nufi ƙofar da muka shigo ba. Ya ratsa tsakar gida ta gefen bango, ya kauce wa ɗakin girki, ya kauce wa shukar tulsi da suke yi wa bauta, ya shige wani siririn lungu a bayan matattakala wanda ni ban ma lura da shi ba. Muka ji ya zare sakata. Muka ji kofi ya fashe a waje.

Goggo Mridula ta dafe ƙirji. “Wa ya nuna masa ƙofar baya?”

Baba ya dawo yana goge hannu a jikin farar rigarsa, sai a lokacin ya ga idanu a kansa. Ban taɓa ganin ubana ya ƙanƙance haka ba.

Kawu Trilok ya miƙe a hankali, ya cire tabarau. Ya matso yana kallon tabon da ke saman girar Baba.

“Mangu?”

“Ni ne, ƙaramin maigida.”

“Mangu ɗan Rampyari?”

“Shi ne, ranka ya daɗe. Layin nan ai gadonmu ne. Da shi aka kai uwata gidan miji, gida goma sha biyu, har da naku.”

Ku da ba namu ba, haka ake yi a da. Wasu a ba 'yarsu gona, mu a ba ta gidajen da za ta riƙa kwashe wa masai. Na sha jin haka a bakin tsofaffi. Ban san a gidan da na zo neman aure kakata ta yi ba.

Kawu ya ɗaga hannuwa sama kamar zai rungume Baba, amma a iska suka tsaya. Hawaye na gaske fa, na gan su.

“Utkarsh! Ka san wane ne wannan? Nanku ne! Wannan shi ne Nanku! Ina zaune a tagar can sama ina kallonsa kowace safiya. Wannan tabon, ranar da ya zame a damina kwandon ya kife masa, babi na huɗu! Har tambayoyi na riƙa yi masa ta taga.”

“Kana jefo mini alewa,” in ji Baba. “Ba ka taɓa kuskure ba, ranka ya daɗe, hannunka da saiti.”

Kawu ya yi dariya yana share ido. Ni kuwa Baba na zuba wa ido. Yaron da na yi wa kuka a bayan aji, wanda na rubuta jarrabawa a kansa na ci maki mai kyau, shi ne mutumin da ke ɓare mini gyaɗa in ina karatu.

“To me ya faru da yaron a ƙarshe?” Baba ya tambaye ni. “Ke da kika karanta.”

Utkarsh ne ya ce, “Ya mutu, Baba. A ramin kwata.”

“Af!” Baba ya shafa ƙirjinsa, ya shafa cikinsa. “Ashe na mutu babu wanda ya gaya mini. Da na sani da ban yi ta tashi da asuba ba duk shekarun nan.”

Kowa ya yi dariya, har Goggo. Ban da ni.

Sai Utkarsh ya gyara murya ya kawo maganar da ta kawo mu. Ya ce yana so Kawu ya yi wa mamarsa magana. Kawu ya koma kujerarsa, ya yi lilo, ya yi lilo, yana kallon Baba ba ya ko ƙiftawa. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar awaki ya san irin wannan kallo.

“Ƙanwata mace ce mai taurin kai,” ya ce. “Amma akwai hanya. Ranar Asabar za a yi bikin cikar littafin shekara arba'in a babban ɗakin taro. 'Yan jarida daga Delhi, masu ɗaukar hoto, har baƙi daga waje. Ku yi tunani: ina karanta babi na huɗu, sai fitila ta haska, ga Nanku da kansa ya fito, da kakinsa, da kwando a ka. Ya tsaya kawai, ba sai ya ce komai ba. Daga nan in miƙe a gaban duniya in ce 'yar wannan mutum za ta shigo zuriyata. Wa zai iya cewa a'a bayan an buga a jarida? Ƙanwata sai dai ta haɗiye.”

“Kawu, wannan dabara ce!” in ji Utkarsh, idonsa na ƙyalli.

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

“Zan zo, ranka ya daɗe.”

A hanyar dawowa na yi ta roƙonsa. Na ce Baba ka ce ka fasa, na ce wallahi ba sai ta haka ba.

“To ta yaya?” ya ce. “Kin ga wata ƙofa a gidan ban da ta gaba da ta baya?”

“Amma ai sun karɓe mu. Ba ka ga har su a yumɓu suka sha ba?”

Ya kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa yaro ya tsinci ƙwalba yana cewa lu'ulu'u.

“Hemu, yumɓu in an sha fasa shi ake yi. Tangaran wankewa ake yi a mayar kabad. Da can mu kaɗai ake ba yumɓu. Yanzu an yi karatu, an san kunya, shi ya sa suka gwammace su sha a yumɓu su ma, da bakin ubanki ya taɓa tangaran ɗinsu. Wannan shi ne ci gaban da aka samu, ba kaɗan ba ne kuma.”

“To ka san haka, me ya sa ka yarda?”

“Kin ce kina son yaron. Na ɗauki kwando shekara da shekaru don gurasar jiya da ake jefo mana. In na ɗauka rana ɗaya don 'yata, ai an yi mini ƙarin albashi.”

Inna kuwa da ta ji, sai ta ajiye muciya ta zauna a ƙasa. Ba ta yi masifa ba, kuma na fi son ta yi.

“Mangeram,” ta ce, “ranar da ka ajiye aikin nan me ka rantse mini a kan kwando?”

“Rantsuwa ai ba ta hana ɗa aure.”

“Shekara nawa ina cuɗa maka kai da sabulun wanki? Shekara nawa kana cin abinci da hagu a ɓoye saboda kana ƙyamar damanka?” Ta juyo kaina. “Ke kuma 'yar boko, ki je ki yi aurenki. Amma ki sani duk ɗan da kika haifa, hoton kakansa na farko da zai gani a waya shi ne da kashi a ka.”

“Kwandon ai babu komai a ciki,” in ji Baba a hankali.

“Su za su cika shi da ido.”

Tun ranar ban ci abin kirki ba. Na rubuta wa Utkarsh na goge, na rubuta na goge. Da na samu na ce masa abin yana damuna, ga abin da ya turo:

“Wasan kwaikwayo ne kawai fa, masoyiya. Minti biyar. Ki yi tunanin rayuwarmu gaba ɗaya.”

Sai hoton zuciya ja guda uku. Kada ku zage shi, don Allah. Na san wasunku har sun fara. Yaron nan ya ci abinci a kwanona a gaban abokansa, ya yi faɗa da wani a kaina har aka fasa masa leɓe. Yana so na. Bai dai taɓa ɗaukar komai a ka ba, ko tulun ruwa.

Yau Alhamis. Da hantsi na hau saman rufi zan shanya kaya, sai na tarar da Baba. Ya ciro tsohon kakinsa daga ƙasan akwati, wandon ya yi masa yawa, ya ɗaure da igiya. Kwandon kuma aro ya yi a wurin tsohuwa Bhuri ta ƙarshen layi, wadda ke zuba kaji a ciki. Ya naɗa gammo da tsumma, ya ɗora, yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan. Wuyansa rawa yake. Da ya gan ni sai ya yi murmushi da gibinsa.

“Zo ki duba mini, 'yar jami'a. Ya zauna daidai? Na manta yadda ake karkata shi. A littafin ta wane gefe yaron yake karkatawa, hagu ko dama? Kada in je in yi ba daidai ba, a ce ba ni ba ne.”

Jama'a, ubana yana tambayata yadda zai yi ya yi kama da kansa.

Ina tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu sai waya ta yi ƙara. Utkarsh.

“Kawu ya ce a gaya wa Baba kada ya yi aski kafin Asabar. Kuma ya zo ba takalmi, ya fi kama da gaske. Direba zai ɗauke shi, za a shigar da shi ta baya don kada 'yan jarida su gan shi kafin lokaci. Ina kewarki.”

Ta baya.

Na ajiye zanen. Na je na sa hannu biyu na sauke kwandon daga kan Baba. Ba shi da nauyi ko kaɗan, gashin kaji ne kawai a ciki. Ya riƙe bakin kwandon yana cewa ke Hemu, ke Hemu, bar shi, kada ki ɓata wa kanki. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tsaye a bakin matattakala, ban san sanda ta hawo ba.

Na zauna a kan buhun gawayi na rubuta wannan, ina kuka har ba na ganin haruffa:

“Baba zai zo ran Asabar. Da farar rigarsa, da takalminsa, da aski, ta ƙofar gaba, ya zauna a kujera a ba shi shayi a irin kofin da aka ba baƙin Delhi. Kwandon zan ba direba ya kawo maka. In dole sai wani ya tsaya da shi a ka ana karanta babi na huɗu, kai ka ɗauka. Wasan kwaikwayo ne kawai, minti biyar. Ka yi tunanin rayuwarmu gaba ɗaya.”

Na tura kafin zuciyata ta karaya.

“Me kika ce masa?” in ji Baba.

Na karanta musu. Baba ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai. “Shi ke nan, kin kashe aurenki, 'yar nan.”

Inna ta matso ta ɗauki kwandon, ta juya shi, ta kakkaɓe gashin kajin. “In za a kai wa ɗan manya, a kai masa da tsabta,” ta ce. “Gammon ma a haɗa masa, kansa bai saba ba.” Ta dafa kaina da hannunta mai ƙamshin gurasa, abin da rabonta da yi tun ina firamare.

Alamar saƙon ta koma shuɗiya. Ya karanta. A saman allo aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa.

Ina son yaron nan, jama'a, ina son sa kamar raina, kuma ban san ko wane ne shi ba sai ya gama wannan rubutun. Ga mu nan mu uku a saman rufi cikin rana, kaya sun bushe a bokiti ba a shanya ba, kwando a tsakiyarmu. Baba da bai san ko harafi ɗaya ba ya fi kowa ƙura wa wayar ido.

Ga shi nan ya sake farawa.